Dillalin Bashin Gida a Birtaniya: Aikinsa, La'adarsa da Iyakarsa

A Birtaniya, mafi yawan masu sayen gida ba sa biyan kuɗinsa lakadan. Banki ne ke ba su bashi, gidan ya zama jingina a hannunsa, su riƙa biya wata-wata tsawon shekara 25 ko 30, wani lokaci har fiye. Bankuna da ƙungiyoyin ajiya masu ba da irin wannan bashi suna da yawa, tsare-tsaren da suke tallatawa sun kai dubbai, kowanne da kuɗin ruwansa da sharuɗɗansa. Tsakanin mai neman gida da waɗannan bankuna akwai wanda ake kira dillalin bashin gida. A shekarun nan, fiye da kashi 80 cikin 100 na sababbin basussukan gida a ƙasar ta hannun irin waɗannan dillalai suke bi.

Dillalin bashi daban yake da dillalin gidaje. Dillalin gidaje wakilin mai sayarwa ne, burinsa gida ya yi tsada. Shi kuwa dillalin bashi mai saye yake wa aiki. Yana duba abin da mutum ke samu da abin da yake kashewa, ya nemo masa bankin da zai karɓe shi, ya ba shi shawarar tsarin da ya dace da halinsa, sannan ya bi takardun har kuɗi su fito.

Wannan sana'a tana ƙarƙashin doka tun watan Oktoban 2004, kuma tun 2013 hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi, ita ke kula da ita. Duk mai ba da shawara kan bashin gida sai ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa, wadda aka fi sani ita ce CeMAP, kuma sai sunan kamfaninsa ya fito a rajistar hukumar, wadda kowa ke iya dubawa kyauta a intanet. Tsaurin dokar yana da dalili. Kafin rikicin kuɗi na 2007 da 2008, ana ba mutane bashi bisa abin da suka ce suna samu, ba tare da hujja ba. Bankin Northern Rock ya kai ga ba da bashin da ya zarce darajar gida da kashi 25 cikin 100, kafin ya durƙushe gwamnati ta karɓe shi. Saboda haka, a watan Afrilun 2014 aka fito da sababbin ƙa'idoji da suka wajabta wa banki ya tabbatar mai karɓar bashi zai iya biya. Daga nan neman bashi ya ƙara wuya, takardu suka ƙaru, mutane kuma suka ƙara karkata ga dillalai.

Aikin yana farawa da zaman tambayoyi. Dillali zai nemi sanin albashi, da basussukan da ake bin mutum, da yawan iyalin da yake ciyarwa, da kuɗin da ya tara na kafin alƙalami. Zai buƙaci takardun albashi da bayanan asusun banki, galibi na wata uku. Mai sana'ar kansa kuwa akan nemi takardun harajinsa na shekara biyu. Za a kuma duba tarihin biyan bashinsa a wurin kamfanonin da ke ajiye shi, wato Experian da Equifax da TransUnion. Daga waɗannan bayanai ake gane nauyin da zai iya ɗauka. A bisa al'ada, bashin ba ya cika wuce ninki huɗu da rabi na abin da mutum ke samu a shekara. Kafin alƙalami mafi ƙaranci yakan zama kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon sauƙin kuɗin ruwa. Wanda ya kawo kashi 40 shi ke samun farashi mafi sauƙi.

Mataki na biyu shi ne takardar amincewar farko, wadda banki ke bayarwa don nuna adadin da yake ganin zai iya rantawa. Ba alkawari ba ce, amma masu sayar da gida sun fi sauraron tayin wanda ke riƙe da ita. Idan an daidaita kan gida, dillali zai cika cikakkiyar takardar nema. Banki zai tura a ƙiyasta darajar gidan, ma'aikatansa su tantance takardu, sannan ya fitar da tayi a rubuce, wanda yakan yi aiki wata uku zuwa shida. Daga nan lauyoyin ɓangarori biyu ke ɗaukar ragamar ciniki. A Ingila da Wales, ciniki bai faɗa ba sai an yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin wannan rana kowane ɓangare na iya janyewa.

Babban amfanin dillali yana wurin kwatanta farashi. Misali, bashin fam 200,000 na shekara 25, idan kuɗin ruwansa kashi 5 ne, biyan wata zai kai kusan fam 1,169. Idan kashi 4.5 ne, zai sauko kusan fam 1,112. Bambancin fam 57 a wata ya haura fam 3,400 cikin shekara biyar. Sai dai ƙaramin kuɗin ruwa kaɗai ba ya nuna arha, domin wani tsarin yana zuwa da kuɗin buɗe bashi na kusan fam 1,000, wani kuma da tara mai nauyi ga wanda ya biya kafin wa'adi. Dillali nagari yana haɗa duka ya fitar da jimilla. Haka kuma yana bayyana bambancin tsarin da ake daskarar da kuɗin ruwansa na shekara biyu ko biyar, da wanda ke hawa da sauka tare da farashin Babban Bankin Ingila. Wannan bambanci ya fito fili tsakanin Disamban 2021 da Agustan 2023, lokacin da farashin babban bankin ya tashi daga kashi 0.1 zuwa 5.25. A ƙarshen Satumban 2022 ma, bayan ƙaramin kasafin gwamnatin Liz Truss, bankuna sun janye ɗaruruwan tsare-tsare cikin 'yan kwanaki, kuma dillalai ne suka riƙa gaggawar kama wa mutane farashi kafin ya kuɓuce.

Akwai waɗanda suka fi kowa buƙatar dillali: mai sana'ar kansa, da mai aikin kwantiragi, da wanda tarihin bashinsa ke da tabo, da baƙon da bai samu izinin zama na dindindin ba. Kowane banki da irin ma'auninsa. Wani yana karɓar mai bizar aiki da ƙaramin kafin alƙalami, wani sai ya kawo kashi 25, wani ba ya karɓarsa sam. Wanda ya riƙa bin bankuna ɗaya bayan ɗaya a makance, kowane nema yana iya barin alama a tarihinsa, kuma yawan alamun na rage masa daraja. Haka nan kuɗin da iyaye ko 'yan'uwa suka turo daga Najeriya ko wata ƙasa: sai an nuna asalinsu saboda dokar hana halasta kuɗin haram, sai kuma mai bayarwa ya rubuta cewa kyauta ce ba rance ba. Dillalin da ya san aikinsa yana faɗin wannan tun da wuri.

Ga Musulmin da ke gudun riba, akwai tsarin sayen gida bisa Shari'a. Wanda aka fi amfani da shi shi ne musharaka mai raguwa haɗe da ijara: banki da mai saye su mallaki gidan tare, mai saye ya riƙa biyan hayar kason banki, yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. Dokar kuɗi ta 2003 ta cire ninkin harajin sayen gida da irin wannan ciniki ke jawowa, a 2004 aka buɗe Islamic Bank of Britain, wanda ya koma Al Rayan a 2014, kuma tun 2007 tsarin ya shiga ƙarƙashin hukuma. Bankin Gatehouse na cikin masu bayar da shi. Masu wannan tsari kaɗan ne, yakan fi bashin gama-gari tsada, kuma ba kowane dillali ke da izinin ba da shawara a kansa ba, don izininsa daban ne.

Sai maganar la'ada, wadda ita ce mahaɗar komai. A kasuwar dabbobi kowa ya san daga aljihun wa la'adar dillali ke fita. A bashin gida sai an tambaya. Bankin da ya samu cinikin yana biyan dillali kamasho, galibi kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin 100 na bashin, wato kimanin fam 700 zuwa 800 a kan fam 200,000. Wasu dillalan wannan ya ishe su, ba sa karɓar komai daga mai saye. Wasu suna ƙara kuɗin aiki, sau da yawa wajen fam 500, wasu kuma har kashi 1 na bashin idan lamarin mai sarƙaƙiya ne. Doka ta wajabta su bayyana wannan tun farko, tare da lokacin biya, da ko za a mayar da kuɗin idan ciniki ya rushe.

Haka kuma dole dillali ya faɗi iyakar inda idonsa ke kaiwa. Wani da bankuna ƙalilan yake hulɗa, wani yana duba kusan duk kasuwa. Ko mai duba kasuwar duka, akwai tsare-tsaren da banki ke ba wanda ya zo da kansa kawai, don haka mai saye ba ya asara idan ya tambayi bankinsa ya kwatanta. Wasu kamfanonin dillancin gidaje suna da nasu dillalin bashi a ofis, kuma akan matsa wa mai saye ya bi ta hannunsa. Ba dole ba ne. Dillalin gidaje wajibi ne ya isar da kowane tayi ga mai gida, ko da wane dillalin bashi mai tayin ya zaɓa. Inshorar rai da ta rashin lafiya da ake tallatawa tare da bashi su ma suna kawo wa dillali kamasho, kuma mai saye na da damar nemansu a wani wuri.

Idan shawarar dillali ta jawo asara, hanyar ƙorafi a buɗe take. Ana fara rubuta wa kamfaninsa, wanda ke da mako takwas ya ba da amsa. Idan amsar ba ta gamsar ba, ana kai ƙara ofishin sasanta rikicin kuɗi, Financial Ombudsman Service, cikin wata shida, kuma kyauta ne. Idan kamfanin ya riga ya rushe, asusun diyya na FSCS yana biyan har fam 85,000. Wannan kariya ga wanda ya yi hulɗa da dillali mai rajista ce kawai. Akwai kuma laifin da ba ya barin mai saye: duk wanda ya yarda aka ƙara masa albashi a takarda ko aka ɓoye bashin da ke kansa, ya shiga zamba, ko da dillali ne ya ba shi shawarar.

Dillali yana rage wahala, yana buɗe ƙofofin da mutum bai san da su ba, amma ba ya ba da bashi, ba ya iya tilasta wa banki, kuma ba ya biyan ko kwabo idan biya ya gagara. Gidan da aka kasa biyan bashinsa banki na iya karɓe shi. Don haka kafin a miƙa wa dillali takardu, ya kamata a duba sunan kamfaninsa a rajistar FCA, a tambaye shi bankuna nawa yake dubawa, nawa zai karɓa kuma daga hannun wa, sannan a nemi dalilin zaɓinsa a rubuce.