Yadda kwamfuta ta mayar da damina rani: sirrin gyaran hoton daji da tsauni

Mai karatu, ka taɓa tsayawa a bakin dam ɗin Tiga da yamma, ko a kan duwatsun Shere na Jos, kyawun wurin ya kama ka har ka ce "Tubarkalla!", ka zaro waya ka ɗauki hoto, amma da ka koma gida ka duba sai ka ga abin ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki? Sama ta yi fari fat, duwatsu sun yi baƙi ƙirin, ciyawar da ka gani shar ta koma wani iri. Sai ka kunna fim, ka ga jarumi da jaruma suna rausaya a irin wannan wuri, komai ya fito raɗau. Wai ina bambancin yake?

Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Idon ɗan Adam yana iya ganin hasken sama da abin da ke cikin inuwa kusan lokaci guda, ita kuwa kyamara ƙarfinta bai kai nan ba. In ta kula da sama sai ƙasa ta yi duhu, in ta kula da ƙasa sai sama ta ƙone. Wannan giɓi shi ake cikewa a kan kwamfuta, kuma manyan 'yan fim na duniya ma ba su tsira daga wannan aiki ba.

Bari in ba ka labarin wani fim na Amurka mai suna O Brother, Where Art Thou? wanda ya fito a 2000. George Clooney ne jarumin, wasu 'yan'uwa biyu kuma, Joel da Ethan Coen, su suka shirya shi. Labarin ya faru ne a jihar Misisipi a 1937, zamanin talauci da ƙuncin rayuwa, saboda haka masu fim ɗin suna son ƙasa ta fito a bushe, launin ƙura-ƙura, kamar tsohon hoton da aka tsinta a akwatin kaka. To amma ga matsala: an je lokeshin a lokacin da Misisipi take kore shar, ko'ina ganye da ciyawa. Ka ƙaddara darakta ya rubuta labarin tsakiyar rani, sai ga shi an fita ɗauka a Falgore cikin watan Agusta!

Mai ɗaukar hoton fim ɗin, wani Baturen Ingila ne, Roger Deakins. Ya gwada dabarun wanke fim da sinadarai irin na da, abin bai ba shi yadda yake so ba. Daga nan sai aka kai fim ɗin kamfanin Cinesite, aka shigar da shi kwamfuta kakaf, aka zauna ana bin sa fitowa bayan fitowa har tsawon makonni 11. Koren ganye aka fi sa wa ido: aka karkatar da shi ya koma rawaya mai kama da ƙonanniyar ciyawa, aka rage ƙarfin sauran launuka, sannan aka sake mayar da aikin kan fim don nunawa a silima. Ana lissafa shi a matsayin fim ɗin Holiwud na farko da aka gyara launinsa tun daga farko har ƙarshe ta wannan hanya, kuma Deakins ya shiga takarar Oscar da shi. (Kyautar dai ba ta zo hannunsa ba sai a 2018, da wani fim ɗin daban. Haƙuri ke nan!)

Abin da ya kamata ka lura da shi a nan, ba su kama kowane launi sun murɗa ba. Sun san abin da suke nema tun kafin su zauna, kuma launi ɗaya suka fi taɓawa. A nan yaranmu da yawa suke faɗuwa. Yau abin da ya ci wa Deakins makonni, ɗan ƙaraminsa yana cikin wayarka, a Snapseed ko Lightroom, amma sai ka ga yaro ya buɗe hoto, ya ja ƙarfin launi har ƙurya, ya tura wa abokai. Sama ta koma shuɗin bula, ciyawa kamar an yi mata fenti, in kuwa akwai budurwa a hoton, fuskarta ta yi ja kamar an shafa mata manja. Haba malam!

Masu sanin aikin ba da launi suke farawa ba. Da farko ka ajiye asalin hoton gefe, ka yi aiki a kan kwafi; kuma kada ka gyara wanda aka turo maka ta WhatsApp, domin an riga an matse shi, ingancinsa ya ragu. Sai ka dubi layin da sama ta haɗu da ƙasa. In ya karkace, ruwan dam zai yi kamar zai tsiyaye ta gefe guda, don haka ka miƙe shi. Ka yanke gefen da ba shi da amfani, kamar rabin babur ko kan wani ɗan kallo.

Sannan a zo kan haske, wanda shi ne uwa uba. Ka rage hasken wuraren da suka yi fari da yawa, za ka ga gajimaren da ka zaci babu shi ya fara leƙowa. Ka ɗan ɗaga inuwa don a ga tsagin dutse da gindin bishiya, amma kaɗan, domin hoton da ba shi da duhu ko kaɗan lami yake zama. Sai dai fa akwai iyaka. Wurin da ya ƙone ƙurmus ya zama fari zalla, kyamara ba ta ajiye komai a nan ba, ba kuma manhajar da za ta dawo da ainihin abin da ke wurin. Shi ya sa gwanaye suke auna haskensu da sama tun wajen ɗauka, su bar ƙasa ta ɗan yi duhu, wanda kyamararsa ke da tsarin RAW kuma ya ɗauka da shi, saboda ya fi riƙe bayanai. Ita wannan dabara ta haskaka nan a duhunta can, ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ansel Adams, shahararren mai hoton tsaunuka na Amurka, a ɗakin wanke hoto yake yin ta da hannu. Hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, ya riƙa ƙara wa samansa duhu a bugun da ya yi daga baya.

Mu nan muna da tamu matsalar, wato hazon hunturu. Tun 2015 Lightroom ya zo da wani maɓalli na rage hazo, kuma yana aiki ba laifi. Amma ni a ganina kada ka kashe hazon duka. Dutsen da ke nesa dole ya fi na kusa dishi-dishi, da haka ido yake gane nisa. Ka share shi tas, sai hoton ya zama kamar labulen bangon situdiyo. Ƙarfin launi kuwa shi ne na ƙarshe, kuma kamar gishiri ake sa shi.

To, ina gyara ya tsaya, ina ƙarya ta fara? Mai fim da mai fosta labari suke sayarwa, kowa ya san haka, don haka in sun mayar da damina rani ba wanda zai ce sun cuce shi. Hoton jarida kuwa daban ne. A watan Fabrairu na 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangonta, kuma har yau ana yi mata gorin wannan abu. Yanzu da Photoshop yake iya cire sama ya dasa wata cikin daƙiƙu (tun 2020 aka sa masa wannan), in ka yi haka ka shiga gasar hoto ko ka aika wa mujalla, to ka faɗa.

Wani abin dariya, hoton da mutane suka fi rantsewa cewa aikin kwamfuta ne, mai shi ya ce bai taɓa shi ba. Ka tuna koren tudun nan da shuɗiyar sama na fuskar Windows XP, wanda ya cika shagunan intanet da ɗakunan tace finafinai bayan 2001? Charles O'Rear ne ya ɗauke shi a wani watan Janairu a yankin Sonoma na Kalifoniya, da fim ɗin Fuji mai suna Velvia, wanda dama an san shi da fito da launi. Ya dace ne da lokacin da ruwan sama ya jiƙa ƙasa, kuma an tuge gonar inabin da ke kan tudun saboda ƙwari, ciyawa ta samu fili. Daga baya manoma sun sake dasa inabinsu, masu zuwa neman tudun da kyamara sai su tarar da layukan itacen inabi.