IN MOTAR ƘUNGIYA TA RASA ƘARFI, KADA A YI GARAJEN SAUKE INJI

'Yan'uwa manoma, wata rana da kaka motar ƙungiyarmu ta tashi daga Gwaram da buhu goma na riɗi, za ta Birnin Kudu inda babbar motar mai saye take jiranmu. Motar tamu a-kori-kura ce, Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975. Tsohuwa muka saye ta, da kuɗin da membobi suka daɗe suna tarawa. Ba mu yi nisa ba sai ta fara karkarwa, salansa tana tari. Direba ya taka totur har ƙasa, amma tafiyarta ba ta fi ta amalanke ba. Muka lallaɓa muka isa wani gareji a bakin hanya. Makanikin ya kasa kunne kaɗan, ya ce ringi ya mutu, sai an sauke inji. Kuɗin da ya yanka mana ya kusa cinye ribar riɗin duka.

Allah ya sa akwai wani dattijo tare da mu wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota. Ya ce wa makanikin, "Ɗana, dakata tukuna. Ka duba fulogi?" Makanikin ya ce, "A'a, Baba, ai ƙarar ta nuna." Baba ya ce, "To, gani ya kori ji." Kafin rabin sa'a aka tarar wayar fulogi guda ɗaya ce ta tsage, wuta tana tsallakawa zuwa jikin inji. Aka sa wata, muka kama hanya. Har yau ba a taɓa ringin motar nan ba.

Ba don mu ci mutuncin makanikai muka kawo wannan labari ba, gama akwai masu gaskiya da sanin aiki da yawa cikinsu. Abin da muke so kowace ƙungiya ta riƙe shi ne, ciwon inji bi da bi ake nemansa, a fara daga abu mai araha kafin a kai ga mai tsada.

ABU HUƊU DA INJI YAKE BUKATA

Yawancin motocinmu suna da silinda huɗu. Ku ɗauke su kamar mata huɗu masu daka a turmi ɗaya, kowace tana sauke taɓaryarta a kan lokaci. Silinda ta 1 ce take fara bugawa, sai ta 3, sai ta 4, sa'an nan ta 2. In ɗaya ta daina, sauran ukun za su ci gaba, amma sautin dakan zai gurgunce, aikin kuwa zai ragu. Wannan shi ne abin da makanikai suke kira misin.

Kafin silinda ta buga, tilas abu huɗu su haɗu a cikinta: iska mai tsabta, fetur daidai gwargwado, matsi daga fistin, da wutar fulogi a daidai lokaci. Duk motar da take misin ko ta rasa ƙarfi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya kasa.

Kada a ce tun da tana tafiya a bar ta sai bayan kasuwa. A motar kafireta, silindar da ta mutu tana ci gaba da zuƙar fetur tana tura shi waje ɗanye, watau cikin kowace lita huɗu ɗaya tana fita ta salansa a banza. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kowa kuma ya san abin da ya biyo baya. Ban da wannan hasara, ɗanyen fetur yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda yake ƙasa. Ta haka ne ciwon waya ɗaya yake zama ciwon ringi na gaske.

A FARA DA TAMBAYAR DIREBA

Kafin a ɗauki sifana, a zaunar da direba a tambaye shi, ba da faɗa ba. Yaushe abin ya fara? Farat ɗaya ne, ko a hankali? In bayan an sha mai a wani wuri ne, a zargi man. In bayan an ratsa rafi ne ko an wanke inji, ruwa ne ya jiƙa wayoyi. In sai a kan tudu ko da lodi take yi, mai yiwuwa fetur ba ya isowa sosai, ko wutar ba ta da ƙarfi. In sai ta yi zafi take yi, ta huce ta daina, a tuna da kwayil.

A duba hayaƙi kuma. Baƙin hayaƙi, fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, ruwa ne yake shiga silinda.

NEMAN SILINDAR DA TA MUTU

Ga yadda Baba ya yi. A ja birkin hannu, a fid da giya, a bar inji yana silo a fili inda iska take kaɗawa. A saurari ƙararsa da kyau. A kashe shi, a cire wayar fulogi ta farko, a ajiye bakinta kusa da ƙarfen inji, a sake tayarwa. In karkarwar ta ƙaru, wannan silinda tana da lafiya. A kashe, a mai da wayar, a cire ta biyu. Wadda aka cire ƙara ba ta sake ba, ita ce matacciyar. Kada a kama waya da hannu inji yana aiki, gama wutar da take bi ta cikinta ta fi bolt 10,000. Kada kuma a sha taba ko a kunna ashana a wurin.

In an same ta, a kwance fuloginta a dubi bakinsa:

1. In ruwan ƙasa ne ko toka-toka, kuma a bushe, lafiyarsa ƙalau.
2. In baƙi ne a bushe kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa. A duba filtar iska, da cok, da kafireta.
3. In a jiƙe yake yana warin fetur, wuta ce ba ta zuwa.
4. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa ta ringi ko ta bawul.
5. In fari fat ne kamar ya ƙone, fetur ya yi kaɗan ko inji yana zafi ainun.
6. In ya fi 'yan'uwansa tsabta kamar an wanke shi, ruwa yana shiga ta gaskit.

Sa'an nan a yi musaya. A ɗauki wannan fulogi a sa shi a silinda mai lafiya, na can a kawo shi nan. In ciwon ya bi fulogin, an kama ɓarawo. In bai bi shi ba, a gwada da wata waya. Da dare ma ana iya buɗe murfin inji a ga wuta tana walƙiya a inda waya ta tsage. A tsohuwar mota a buɗe hular distiributa, watau abin da yake rarraba wuta, a share ta da busasshen tsumma, a duba ko ta tsage, a duba kwantak ko ya ƙone.

IN DUKA HUƊUN SUN RAUNANA

Wani lokaci babu silindar da ta mutu, amma motar ba ta da kuzari. A nan sai a nemi abin da suke tarayya a kai.

Na fari, iska. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye tana toshe filtar iska da wuri. A cire ta a kakkaɓe a hankali, a ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsawa, a sake ta. Kada a yarda a yar da ita a yi tafiya haka, domin ƙura tana cin ringi kamar yadda dutsen wasa yake cin wuƙa.

Na biyu, fetur. A zuba kaɗan daga tanki cikin farar kwalba a bar shi ya kwanta. In da ruwa, za a gan shi a ƙasa, gama ruwa ya fi fetur nauyi. Man 'yan bumburutu da ya kwana cikin jarka a bakin hanya, wani lokaci da ruwa ko ƙasa ko kananzir a ciki. Ba su kaɗai ba ne: a watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima cikin ƙasar nan, ya shiga gidajen mai, motoci suka lalace. In man yana da kyau, a duba filtar mai, sa'an nan famfon mai, sa'an nan kafireta. A duba kuma ko wata robar iska ta tsage tana shan iska ta gefe.

Na uku, a tabbata injin ne da laifi. In inji yana kuka amma mota ba ta gudu, ga kuma ƙauri, kuloci ne yake zamewa. In bayan tafiya an kai hannu kusa da ƙafar mota an ji zafi ƙwarai, birki ne ya riƙe. A duba iskar taya. A kuma faɗi gaskiya game da lodi. A-kori-kura irin tamu an ƙera ta don kaya tan ɗaya da 'yan kai ne. In an ɗora mata buhu ashirin ran kasuwar Sara, da mutane a bisa, ba makanikin da zai ba ta ƙarfi.

MOTOCI MASU ƘWAƘWALWA

Waɗansu ƙungiyoyi sun sayi motocin Beljiyam masu injekta maimakon kafireta. Abu huɗun nan bai sake ba, amma ƙwaƙwalwar motar tana rubuta abin da yake damunta. Motocin da aka yi domin Amurka tun daga 1996, da masu fetur da aka yi domin Turai tun daga 2001, suna da wani soket kusa da sitiyari inda ake sa na'urar karantawa. In ta nuna P0301, silinda ta 1 ce take misin. P0302 ta 2 ce, haka har P0304. P0300 kuwa yana nufin ciwon yana yawo. Ku lura, lambar ta faɗi inda ciwo yake ne, ba ta ce a sayi kaza ba. Har yanzu sai an yi musayar fulogi da kwayil an gani. In fitilar inji ta gaban direba tana ƙiftawa, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen fetur yana ƙona tukunyar tace hayaƙi ta jikin salansa, wadda makanikai suke kira indomi, ita kuwa tana da tsada.

YAUSHE ZA A YARDA A BUƊE INJI?

Sai bayan wuta da fetur da iska duka sun fita daga zargi. Ko a sa'an nan ma, a nemi makaniki mai ma'aunin matsi, ya gwada silinda huɗun a gaban wakilin ƙungiya, a rubuta lambobin. Ya kamata su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa ƙwarai, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. In lambar ta hau, ringi ne. In ba ta hau ba, bawul ne ko gaskit, aikin kuwa a saman inji yake, ba sai an sauke shi duka ba. In biyu da suke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare, yawanci gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu.

AIKIN KWAMITI

Motar ƙungiya ba ta direba ba ce. Ita take kai amfanin gona kasuwa, ita take kawo taki, ita ce kuma za a nema da tsakar dare in mace tana naƙuda za a kai ta asibiti a Birnin Kudu. Saboda haka muna ba da shawara huɗu:

1. A ajiye littafi cikin mota. A rubuta ranar shan mai da wurin, da ranar juyen baƙin mai, da duk abin da aka sake.
2. A ajiye fulogi biyu, da doguwar waya ɗaya, da filtar mai, da sifanar fulogi a ƙarƙashin kujera.
3. Kada ma'aji ya fid da kuɗin babban gyara sai mutum biyu na kwamiti sun ga gwajin matsi.
4. Duk abin da aka cire a kawo tsohonsa gaban taro.

A taronku na wata mai zuwa ku kira direba, ku buɗe murfin inji a gindin itace, ku kwance fulogi ɗaya ya zaga hannun kowa, mata da maza. Wanda ya taɓa ganin fulogi mai lafiya, ba zai yi wuyar gane marar lafiya ba.