Ƙafa Ta Biyar Da Ba Ta Taka Ƙasa: Abubuwan Mamaki Kan Jan Gida A Bayan Mota

A Amurka da Kanada akwai mutanen da suke ɗaura gidansu a bayan a-kori-kura su kama hanya. Gida ne sosai, da ɗakin kwana da falo da kicin da banɗaki, wani ma har da injin wanki. Tsawon wasu yakan kai mita 12. Gaban gidan yana da tudu, shi ne yake hawa kan bodin motar kamar raƙumi ya ɗora wuya a bisa katanga. Irin wannan tirela ita ce ake kira mai ƙafa ta biyar, kuma babban kukan masu ita guda ne: jijjiga.

Sunan kansa abin mamaki ne, domin ƙafa ta biyar ɗin ba ta taɓa taka ƙasa. An gaji sunan daga keken doki mai ƙafa huɗu na ƙarni na 19, wanda ake kwantar masa da wani zoben ƙarfe a saman ƙafafun gaba don su riƙa juyawa idan an zo kwana. Zoben ya yi kama da ƙafar keke, sai dai a kwance yake. Dawaki sun bar hanya, sunan ya zauna.

Maƙeri ne ya buɗe wa sana'ar ƙofa. A 1914 wani maƙerin Detroit mai suna August Fruehauf ya ƙera wa wani ɗan kasuwar katako abin da zai ja jirginsa na ruwa a bayan motar Ford Model T. Daga wannan aiki guda kamfanin tirela ya tashi, ya kuma shahara a duniya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kan tirela an cire masa bodi, a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ya ga wannan ƙafa ta biyar da idonsa. Ita ce farantin nan baƙi mai kama da kofaton doki, wanda ya sha giris, direbobi ke ce masa tantebur. A ƙarƙashin bodin kuma akwai wani ɗan turken ƙarfe da yake shiga bakin farantin, muƙamuƙai su rufe a wuyansa. Kaurin turken inci 2 ne kacal, wajen milimita 51. Wannan ɗan abu, da hannu ɗaya zai iya zagaye shi, shi ke jan tanka mai lita 33,000 daga Legas zuwa Arewa. Gidan tafi-da-gidanka na Ba'amurke ma turkensa inci 2 ne, kauri ɗaya da na tankar.

Abin da ya sa ake son wannan haɗi shi ne yake haifar da matsalarsa. Tirelar da aka maƙala a gindin mota takan yi wutsiya, iska ta kaɗa ta dama da hagu har ta juya mota. Wannan kuwa mahaɗinta yana zaune daidai saman tayoyin baya, ko gaba da su kaɗan, don haka ba ta cika yin wutsiya ba. Amma tunda nauyin yana tsakiyar jikin motar, duk ramin da tirela ta faɗa sai direba ya ji shi a ƙashin bayansa.

Jijjigar kashi biyu ce, kuma wanda bai bambance su ba zai sha kashe kuɗi a banza. Akwai ta sama da ƙasa, mota da gida suna sukuwa kamar doki. Akwai kuma ta gaba da baya, wadda ta fi cin rai: sai ka ji kamar wani ya fizgo ka ta baya, nan take ya tunkuɗa ka gaba, haka dai ba hutu. Ta biyun nan sau da yawa daga ɗan sararin da ke tsakanin turke da muƙamuƙai take farawa. Gibin da bai kai kaurin farce biyu ba, idan tan 6 ya bi ta kansa, guduma yake zama.

Nauyin da ya kamata ya hau kan turke shi ne kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirelar baki ɗaya. Ke nan gida mai tan 6, a kashi 20, yana danne bayan mota da kilo 1,200, kwatankwacin buhun masara 12 manya. Idan ya yi ƙasa da haka tirela takan yi rawa, idan ya wuce kuma bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau.

Ga wani abin da ba kowa ke kawo shi a rai ba: ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin da ya ɗauki lita 300 ya ƙara kilo 300, kuma inda aka dasa shi, gaban tayoyi ko bayansu, shi zai nuna ko turke zai ƙara nauyi ko ya rage. Tankin da ya yi rabi ya fi cikakke fitina, saboda ruwan yana da wurin gudu. Ka taka birki ya kwararo gaba, ka saki ya koma. Direbobin tankar mai sun san wannan tun kafin masu gidajen yawo su gano shi.

A nan ne nake ganin yawancin mutane suke fara hawa bishiya ta ganye. Da jijjiga ta dame su sai su nufi kanti neman na'ura mai tsada, alhali ba su taɓa hawa sikeli ba. A manyan tashoshin tirela na Amurka akwai sikelin CAT, mai faranti uku: ɗaya na ƙafafun gaba, ɗaya na baya, ɗaya na tirela. Ka auna da gida a maƙale, ka sauke shi ka sake auna motar ita kaɗai, bambancin nauyin da ke kan ƙafafun motar ya faɗa maka nauyin da ke kan turke. Kuɗin awon bai kai na cin abincin rana na iyali ba, amma shi ke gaya maka ko ciwon na sayen magani ne, ko kuwa na matsar da janareta da akwatuna ne kawai daga baya zuwa gaba.

Haka batun daidaito. Tirela mai jeren tayoyi biyu ana son ta tafi a miƙe. Idan hancinta ya ɗaga, tayoyin baya ne za su sha kaya, su yi zafi, su riga sauran mutuwa. Gyaran bai wuce a kwance noti a sauke farantin ko a ɗaga akwatin da ke riƙe da turke rami ɗaya ba. Sai dai a bar tazarar kusan inci 6 tsakanin bakin bodin mota da ƙasan gidan, don kada su daki juna a kan gangara.

Wani lokaci laifin na titi ne. Manyan hanyoyin Amurka da yawa na kankare ne, an zuba su gunduwa-gunduwa, kowace kusan mita 4 da rabi. Mai gudun kilomita 100 a awa yana taka gaɓa shida a kowace daƙiƙa. Idan wannan kiɗan ya yi daidai da yadda sifirin ɗin mota ke lilo, jijjigar sai ta riƙa ninkuwa kamar yaro a kan shillo ana tura shi a kan kari. Maganin kyauta ne: rage gudu da kilomita 8 ko 10, kiɗan ya karye.

Hanyar burji mai haƙarƙari kuwa, wadda a Nijar ake kwatanta ta da kwanon rufi, ta daɗe tana ba masana mamaki. A 1963 wani masani mai suna Keith Mather ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a Ostareliya, inda ya riƙa zagaya taya a kan yashi. Ya gano cewa muddin gudu ya wuce na tafiyar ƙafa, haƙarƙarin sai ya fito da kansa, komai kyan shimfiɗar. Direbobin daji sukan ƙara wuta don su bi ta kan tudun su tsallake kwarin. Wanda ke jan gida kada ya gwada, domin a wannan gudu taya ba ta riƙe ƙasa sosai, birki kuma ba ya cin yadda ya kamata.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan: gidaje da yawa masu tsada suna fitowa daga masana'anta a kan sifirin mai ganye, irin na tsohuwar gingimari, ba shokoziba ko ɗaya. Bushin da ke cikin mahaɗan sifirin ɗin ma na roba ne siriri, yakan cinye da wuri. Shi ya sa masu gidajen suke canza su da na tagulla, da noti mai ɗan baki da ake ɗura wa giris, sannan su sa shokoziba. Yawancin gidajen nan a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma a garin ne kamfanin MORryde yake yin akwatin turke mai roba a ciki don shanye fizga. Wasu kamfanonin balan-balan ta iska suke sawa a wurin.

Balan-balan ta iska da ake ƙara wa bayan mota tana ɗaga shi ya daidaita, gaskiya ne. Amma ba ta ƙara ko kilo ɗaya a kan nauyin da aka rubuta motar za ta iya ɗauka. Birki da tayoyi da ƙashin motar suna nan yadda suke.

Tayoyin bayan irin wannan a-kori-kura sukan sha iska har geji 80, alhali ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha. Wasu sukan sace iska don a sami taushi, kuma a nan haɗari yake, domin tayar da ba ta ƙoshi ba lanƙwasa take yi, ta yi zafi, ta fashe. Kamfanonin taya suna da jadawalin da ke nuna iskar da ta dace da kowane nauyi. Da safe ake aunawa kafin a motsa, saboda duk digiri 5 ko 6 na zafi yana canza iskar da kusan kashi 2 cikin 100. Tayoyin tirela masu alamar ST kuma an daɗe ana ƙayyade musu mil 65 a awa, wajen kilomita 105, sai in an rubuta wani abu dabam a jikinsu.

Jihar Kalifoniya ta yarda mutum ya zauna cikin irin wannan gida ana tafiya, in akwai gilashi mara tarwatsewa, da hanyar magana da direba, da ƙofar da ke buɗuwa ta ciki da waje. Ni dai ba zan sa ɗana a ciki ba. Wanda ke gaba yana da kujera mai laushi da bel, na baya kuwa yana tare da kwanuka da firji a kan sifirin mara shokoziba.

A-kori-kura mai gajeren bodi tana da nata tarko. In aka sha kwana mai tsanani, kusurwar gidan takan zo ta fasa gilashin bayan direba. Don haka aka ƙera faranti mai zamewa baya a kan dogo lokacin kwana, ya dawo wurinsa idan an miƙe.

Akwai kuma kuskuren da ke lotsa bodi cikin daƙiƙa guda, wato turke ya hau saman muƙamuƙai maimakon ya shiga cikinsu. Ido zai ga kamar an haɗa, da an ja sai gida ya zame ya faɗo. Shi ya sa ƙwararru suke barin ƙafafun tsayuwar tirela dab da ƙasa, su leƙa da tocila su ga muƙamuƙai sun rufe a wuyan turke, su kama birkin tirelar, sannan su ɗan ja motar gaba a hankali. In ta cije, sai a naɗe ƙafafu.