Silimar Palace da Rigimar Shigar da Fim Cikin Ganuwa

Ganuwar da ta kewaye tsofaffin biranen ƙasar Hausa ta daɗe da daina kare gari daga mahara, amma har bayan zuwan Turawa ta ci gaba da raba abin da jama'a suka yarda a yi a cikin gari da abin da sai dai a fita waje a yi shi. Duk wanda ya tashi a Ƙofar Guga ta birnin Katsina, ko a gindin wata ƙofa daga ƙofofin Kano da Zariya, ya san cewa gidajen giya da na rawa bariki da Sabon Gari aka bar wa su, shi kuwa cikin birni wurin malamai ne da sarakuna da gidajen aure. Tarihin gidajen silima a Arewa ya rataya ne a kan wannan rabon, kuma babu gidan da ya fi nuna haka kamar Palace ta Kano, wadda ita ce ta fara tsallake ganuwa ta zauna a tsakiyar birni a shekarar 1952.

Kafin silima, majigi Hausawa suka fara sani, wato fim ɗin da gwamnatin mulkin mallaka take ɗorawa a mota tare da injin wuta da farin ƙyalle, a bi gari gari ana nunawa kyauta a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi. Abin da ake nunawa darasi ne a kan tsabta da rigakafi da noman gyaɗa da auduga, sai labaran Ingila, ga kuma tafinta yana bayani da Hausa ta lasifika. A 1939 ne Ingila ta kafa sashe na musamman domin shirya wa ƙasashen da take mulka irin waɗannan finafinai, daga baya kuma gwamnatin Jihar Arewa ta shirya nata, irin su Baban Larai wanda dattawa suke tunawa har yau. Da yake a fili ake yin majigi, da iznin sarki, a gaban iyaye da 'ya'yansu, bai gamu da tsangwama mai yawa ba. Silima kuwa kasuwanci ce, gini ne mai katanga da ƙofa da ɗan tagar sayar da tikiti, kuma masu ita baƙi ne, galibi 'yan kasuwar Labanan waɗanda Kanawa suke kira Kwarori.

Gidan silima na farko da aka gina a Kano shi ne Rex, wanda aka buɗe a 1937 a wajen ganuwa, kuma tun daga tsarinsa an san ba don mutanen birni aka yi shi ba, domin yana haɗe da mashaya, an kuma ware wa Turawa da Larabawa dararensu, 'yan ƙasa su ma nasu daban. Saboda haka tun ran gini aka yi wa silima zane a matsayin abin 'yan bariki, kuma malamai da yawa suka ƙyamace ta, wasu saboda hukuncin hoto, wasu saboda cuɗanyar maza da mata cikin duhu.

Abin da ya ƙara wa wannan ƙyama ƙarfi shi ne gobarar El Duniya. Ranar 13 ga Mayu 1951 wuta ta tashi a wannan gidan silima ana tsakiyar kallo, ta hallaka mutum 331 daga cikin kimanin 600 da suke ciki. Zaren fim na wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai saurin kama wuta, wanda idan ya kama da wuya a kashe shi, kuma jama'a sun rutsa da juna wajen neman hanyar fita. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike wanda ya bayyana abin a matsayin haɗari, amma a zaure da kasuwa fassarar da ta yi tasiri ita ce fushin Allah ne ya sauka a kan masu kallo, har jita-jita ta bazu cewa fim ɗin ya nuna surar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maganar da hukuma ta fito ta ƙaryata. Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa iyaye a Arewa suka shekara da shekaru suna dukan yaro don an gan shi a bakin silima, to daga wannan rana ya kamata ya fara.

Shekara guda da 'yan watanni bayan wannan musiba, tun ba a gama share hawaye ba, aka buɗe Palace a watan Yuli na 1952 a unguwar Jakara, daf da kasuwar Kurmi, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Hankalin mutanen birni bai kwanta da ita ba, domin matasa sun yi dafifi suna jifa, sai da aka kawo 'yan sanda, kuma an daɗe masu zuwa kallo suna shan duwatsu daga bayan katanga, abin da ya zo wa majefa da sauƙi tunda gidan ba shi da rufi. Abin lura a nan shi ne, Rex ta shekara goma sha biyar tana aiki ba a tayar da irin wannan ƙura a kanta ba, alhali finafinan iri ɗaya ne. Laifin Palace wurin da aka kafa ta.

Duk da haka gidan ya zauna da gindinsa, wasu kuma suka biyo baya a sassan Kano, irin su Plaza da Orion da Eldorado da Queens da Marhaba da Wapa, wadda a yau 'yan canji aka fi sani da sunanta. Tsarin yawancinsu ɗaya ne: fili ne a buɗe, da doguwar katanga wadda aka shafe da farin fenti a matsayin allo, don haka ba a fara kallo sai duhu ya yi sosai, da damina ruwa kan tashi kallo, da hunturu kuma kowa da mayafinsa. Masu ƙaramin tikiti suna kan benci a gaba, kusa da allo, masu hali suna baya a kan kujeru, a bakin ƙofa kuwa ga mai shayi da mai tsire da mai rake da masu tallar taba ƙarƙashin fitilu. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da ta je kuwa ta sayi bakin jini, shi ya sa silima ta zama dandalin samari da leburori da 'yan makaranta da suka sulale daga gida.

Finafinan Indiya, waɗanda Kwarori suka fara shigowa da su tun shekarun 1950, su ne suka riƙe waɗannan gidaje, har ta kai a shekarun 1990 su ake nunawa a yawancin dararen mako, a bar wa na Amurka da na Sin ragowar. Masu kallo ba sa jin harshen, amma sun gane auren dole da biyayya ga iyaye da kunyar mace da gwagwarmayar talaka da mai kuɗi, kuma fim irin Mother India na 1957 an yi shekaru ana maimaita shi ana cika gida. Sabo ya kai 'yan kallo sun raɗa wa taurarin sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, sannan mawaƙan bandiri irin su Ushaƙu Indiya suka ɗauki karin waƙoƙin suka mayar da su yabon Annabi. A nan kiɗan silima ya shiga cikin birni ta ƙofar da babu mai iya rufewa. Haka nan gidajen silima sun zama zauren taro a lokacin da garuruwa ba su da wani babban wuri mai ƙofar karɓar kuɗi, inda makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo suke kama haya su yi wasa.

Durƙushewar ta zo ne sannu a hankali. Dokar 1972 ta mayar da harkar silima hannun 'yan ƙasa, karyewar darajar naira daga 1986 ta sa sayo fim daga waje ya yi tsada, na'urar bidiyo kuma ta kai kallo har tsakar gida. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun ɗan farfaɗo da gidajen silima, domin a can ake fara nuna sabon fim kafin a saki kaset, amma kasuwarsu ta gaskiya tana hannun matan aure, waɗanda silima ta shekara hamsin ba ta gan su ba. Da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kuma kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, sai aka ƙara tsaurara ƙa'idoji a kan cuɗanyar maza da mata a wuraren kallo, masu gidajen da dama kuma suka ga filin ya fi riba idan aka yanka shi shaguna.

Ita Palace asibiti aka mayar da ita. Samarin da a da za su cika bencinta yanzu suna gidajen kallon ƙwallo na unguwa ko a kan wayoyinsu, silimar zamani da aka buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero kuwa tikitinta ya fi ƙarfin irin mutanen da suka raya tsofaffin gidajen. Dattawan da suka yi aikin haska fim da sayar da tikiti a Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi suna ta ƙarewa, don haka ya kamata hukumomin tarihi da al'adu na jihohi da sassan Hausa na jami'o'i su gaggauta naɗar bayanansu, su kuma tattara tsofaffin fastoci da injinan da suka rage kafin a sayar wa 'yan gwangwan.