Bur Sudan: garin da Turawa suka gina don auduga, ko zai iya zama cibiyar kuɗi da ciniki?

Duk wanda ya taɓa riƙe shago a Suk Libiya ko Suk Umdurman ya san ba a cikin shagon ake yanke farashin kaya ba. Buhun fulawa, katan ɗin magani, bandir ɗin yadi, batirin sola, kusan dukkansu sai sun sauka a bakin Bahar Maliya tukuna, sannan su hau bayan tirela su yi tafiyar kilomita 800 ko fiye kafin su iso mana. In kwantena ta kwana a tashar jiragen ruwa tana jiran jamarik, kuɗin ajiya ya hau kanta. In hanya ta rufe, kuɗin mota ya hau. Ƙarshenta dai matar da ta zo sayen sukari rabin kilo ita za ta biya. Kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da Sudan ke shigowa da su da waɗanda take fitarwa ta Bur Sudan suke bi.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, garin ya ɗauki wani nauyin da ba don shi aka gina shi ba. Gwamnati ta koma can, Babban Bankin Sudan ya koma can, ofisoshin jakadanci da na Majalisar Ɗinkin Duniya ma haka. Daga nan ne aka fara jin wata magana a majalisu da shafukan Facebook: ai ga dama ta samu, Bur Sudan zai zama Dubai ko Singafo ta Afirka. To, yanzu da Firaminista Kamil Idris ya ba da sanarwa a watan Janairun 2026 cewa gwamnati ta dawo Khartum, ya kamata mu auna wannan magana da idon basira.

Daga Sawakin zuwa Marsa Shaikh Bargut

Kafin Bur Sudan akwai Sawakin, tsohuwar tashar da aka gina gidajenta da duwatsun murjani a kan wani ɗan tsibiri. Ta yi ƙarnuka a hannun Daular Usmaniyya, a 1865 ta koma hannun Masar. Bayan an buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen ruwa masu tururi suka yawaita a Bahar Maliya, suna kuma ƙara girma. Mashigar Sawakin ƙunci gare ta, ga murjani yana toshe ta. Saboda haka Turawan Ingila suka zaɓi wani wuri kimanin kilomita 60 arewa da ita, wanda ake kira Marsa Shaikh Bargut, suka fara gini a 1905. Layin dogo daga Atbara ya iso teku a 1906, Khidiwi Abbas Hilmi na Masar ya buɗe tashar a 1909. Kafin shekara ashirin, 'yan kasuwa sun kwashe, Sawakin ta fara zama kufai.

Abin da aka gina garin dominsa bai ɓuya ba. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sannar, aikin noman Jazira ya kankama, auduga ta riƙa gangarowa a jirgin ƙasa zuwa teku, daga can sai masaƙun Lankasha a Ingila. Ƙaro daga Kurdufan, riɗi daga Gadarif, fatu da gyaɗa, duk wannan hanya suka bi. Kamfanonin Ingila irin su Gellatly Hankey da Mitchell Cotts su ke riƙe da harkar jirage da dillanci, bankin Barclays na riƙe da kuɗi. Riba tana Landan, hukunci yana Khartum, Bur Sudan kuma aikinsa lodi da sauke kaya.

Mu ma akwai sawunmu a wannan tarihi. Alhazan ƙafa da suka taso daga Kano, Sakkwato, Katsina da Barno sun bi ta Wadai, Jinaina da Fashir zuwa Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya isa kafin yaƙin duniya na ɗaya. Bayan faɗan Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun yo gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu. Da yawa cikin waɗannan bayin Allah sun yi shekaru suna cirar auduga a Jazira ko dako a bakin teku don tara guzurin tsallakawa Jidda, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 300 daga gaɓar nan ba. Wasu sun sauke farali sun dawo sun zauna, wasu tafiyar a nan ta tsaya. Kenan audugar da ta gina Bur Sudan, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka tsince ta.

Me Singafo ta yi da ba mu yi ba?

Singafo ma tashar Turawan Ingila ce. Stamford Raffles ya kafa ta a 1819. Lokacin da ta rabu da Maleshiya a 1965 ba ta da mai, ruwan sha ma daga maƙwabta take saye. Amma a 1968 ta ba bankuna damar karɓar ajiyar dala da ba da rance da ita ga 'yan kasuwar Asiya, a 1971 ta kafa hukuma guda mai sa ido kan harkar kuɗi. Ta riƙe kotunan kasuwanci da ɗan kasuwa na waje ya amince da su, ta matsa wa cin hanci lamba, ta sa jirgi ya sauke kaya ya tashi cikin sa'o'i. A 2024 tasharta ta yi hulɗa da kwantena sama da miliyan 40. Bur Sudan, ko a shekarunsa na albarka, bai kai miliyan 1 ba.

Dubai ma da tasha ta fara. An buɗe Jabal Ali a 1979, yankin ciniki mara haraji ya biyo baya a 1985, sai a 2004 aka buɗe cibiyar hada-hadar kuɗi mai dokokinta da kotunanta. Ka ga tsakanin tasha da cibiyar kuɗi an yi shekara 25 ana gina amana.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Adan ta Yaman. Ingila ta kama ta a 1839, kuma a shekarun 1950 tana cikin tashoshin da suka fi cunkoson jirage a duniya. A 1967 Turawa suka tafi, a shekarar kuma aka rufe mashigin Suwez har zuwa 1975. Rikici ya biyo baya, jirage suka sauya hanya, ba su kuma dawo kamar da ba. Ruwan Adan bai ragu da zurfi ba, wurin da take a taswira bai gusa ba. Abin da ya gudu shi ne kwanciyar hankalin mai jirgi da mai inshora. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya ishi wane tsoron Allah.

Kaya a nan, kuɗi a can

Bayan samun 'yanci a 1956, tsarin bai sauya sosai ba. An kafa Babban Banki a Khartum a 1960. A 1970 gwamnatin Numairi ta ƙwace bankuna da kamfanonin waje. An kafa hukumar tashoshin jiragen ruwa a 1974, amma hedikwatar bankuna, kasuwar hannun jari da manyan masu shigo da kaya duk a Khartum suka tare. A 1999 aka fara fitar da ɗanyen mai ta tashar Basha'ir, kudu da garin, ta bututu mai tsawon kusan kilomita 1,600. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man.

Sai kuma takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa Oktoban 2017. A 2014 an ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda karya takunkumin da aka sa wa Sudan, Iran da Kyuba. Tun daga ranar bankunan duniya suka riƙa gudun takardar da ke ɗauke da sunan Sudan kamar wuta. Shi ya sa ɗan kasuwar Umdurman da ke son kaya daga Sin ko Indiya yakan biya ta hannun wani a Dubai ko Jidda, kuma kowane hannu da ladarsa. Kayan ma sau da yawa babban jirgi a Jidda yake ajiye su, ƙaramin jirgi ya tsallako da su. Zinariyar da ake haƙowa, wadda hukuma ta ce ta kai kimanin tan 64 a 2024, mafi yawan wadda ake fitarwa a kasuwar Dubai aka saba sayar da ita. Garin da kuɗin kayansa ke kwana a wani gari, da wuya a kira shi cibiyar kuɗi.

Yarjejeniyoyin da suka mutu a takarda

An sha yunƙurin shigo da jarin waje. Kamfanin ICTSI na Filifin ya sami kwangilar tafiyar da tashar kwantena ta kudu, ma'aikata suka shiga yajin aiki a farkon 2019 saboda tsoron rasa abincinsu, bayan faɗuwar Bashir aka soke. A Disamban 2017 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya ziyarci Sawakin aka yi maganar raya tsibirin, amma ba a yi nisa ba. A Disamban 2022 aka sa hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 6 da kamfanonin Daular Larabawa don gina sabuwar tasha a Abu Amama, arewa da Bur Sudan. A Nuwamban 2024 Ministan Kuɗi Jibril Ibrahim ya ce an soke ta. Ko me mutum zai ce game da dalilan kowace sokewa, mai jari na gaba yana lissafa su.

Akwai kuma mutanen wurin. Ƙabilun Bija sun daɗe suna kukan cewa arziki na wucewa ta ƙasarsu ba ya tsayawa. A Satumba da Oktoban 2021 majalisar sarakunansu, ƙarƙashin Nazir Tirik, ta rufe tasha da babbar hanya na makonni. Wanda yake Khartum a lokacin bai manta layin burodi ba, da yadda magani ya yi wuya. Ruwan sha ma har yau matsala ne. Garin ya dogara da Khor Arba'at, kuma a Agustan 2024 madatsar ta fashe, ta ci rayuka da ƙauyuka, ta bar birnin yana sayen ruwan tanka da na jarka da tsada. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka yi kwanaki suna kai hari kan rumbunan mai, filin jirgin sama da tashar kanta. Duk harin da aka kai, kamfanin inshora na rubutawa, kuma a kan buhun fulawa zai fanshe.

Abin da garin ke da shi a hannu

Kada dai a ce babu komai. Bur Sudan na kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin jiragen ruwa na duniya. Bayansa akwai ƙasashen da ba su da teku: Cadi, Sudan ta Kudu, Afirka ta Tsakiya da Habasha. Jibuti, wadda ba ta kai girman wasu jihohinmu ba, tana cin abinci ne da ɗaukar sama da kashi 90 cikin 100 na kayan Habasha. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Bur Sudan suke fitowa. Tashar Usman Digna da ke Sawakin, wadda aka buɗe a 1991, tana jigilar fasinja da tumaki zuwa Saudiyya. Ga ƙaro, wanda Sudan ke kan gaba a duniya wajen samar da shi. Shekarun yaƙin nan kuma sun bar wa garin rassan bankuna, ofisoshin kamfanoni da ma'aikatan da suka ƙware.

Saura a ga ko za su zauna bayan ministoci sun tattara. In ɗan kasuwar Anjamaina ko Abeshe zai iya sauke kwantenarsa a Bur Sudan, ya biya haraji sau ɗaya, ta isa gare shi ba tare da shinge a kowane gari ba, to an kama hanya. Wannan kuwa ba zai yiwu ba muddin Darfur da Kurdufan na cin wuta, don hanyar yamma ta nan ta bi, ita ce kuma hanyar da kakanninmu suka biyo.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen jineh 600. A 2024 ta haura 2,000, a 2025 ta haura 3,000 a kasuwar bayan fage. A Disamban 2024 aka fara canjin takardun jineh 500 da 1,000, kuma sharaɗin shi ne mutum ya zuba tsohon kuɗinsa a asusun banki. Nan aka ga bambanci tsakanin mai takarda da mara takarda. Mai raƙam watani da Bankak a wayarsa ya wuce. Mai shayi, mai ƙuli-ƙuli da ɗan dako da ba su taɓa shiga banki ba sai da suka nemi wanda zai rufa musu asiri. Mutanenmu da yawa sun san wahalar fitar da takardar shaida, ko da an haifi kakansu a nan.

Don haka duk wanda ke shirin sake buɗe shagonsa a Umdurman ko Khartum, ya fara da abin da ke hannunsa: lambar ɗan ƙasa gare shi da iyalinsa, asusun banki da sunansa, rajistar kasuwanci ko da ƙaramar sana'a ce. Ƙananan 'yan kasuwa biyar ko goma za su iya haɗa kuɗi su yi odar kwantena guda da takardu sahihai, maimakon kowa ya saya a hannu na huɗu. Matasanmu da suka yi karatu kuma su dubi aikin fito da kaya daga jamarik, lissafi da inshora, don a nan ake yanke riba, mu kuwa mun daɗe a ɓangaren dako.

In kana son sanin ko Bur Sudan na gaba ko baya, ba sai ka jira jawabin minista ba. Tambayi mai fito da kaya kwana nawa kwantena ke yi kafin ta bar tasha. Tambayi direban tirela shinge nawa ya biya tsakanin Haya da Atbara zuwa Bahri. Tambayi ɗan'uwanka da ke zaune can nawa ya sayi jarkar ruwa a makon nan. Ranar da waɗannan lambobi uku suka fara sauka, za ka ga alamarsu a farashin Suk Libiya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.