Tubalan Manhaja: Yadda Maɓalli Ɗaya Ke Aiki A Wurare Dubu

Duk mai amfani da Facebook ya san maɓallin Like kamanninsa ɗaya ne, ko a ƙarƙashin hoto yake, ko bidiyo, ko rubutu. Masu haɗa manhaja ba sa sake rubuta irin wannan maɓalli a kowane shafi. Sau ɗaya ake ƙera shi a ajiye, sai a riƙa ɗauko shi duk inda ake buƙata, kamar yadda magini ke tayar da ɗaki da katanga da tubali iri ɗaya.

Wannan tsari ya samu karɓuwa sosai ta hanyar React, wanda injiniyan Facebook Jordan Walke ya ƙirƙiro. Kamfanin ya fara amfani da shi a 2011, ya sake shi kyauta ga kowa a 2013, sannan a 2015 ya fito da React Native domin manhajojin waya. Google ma ya bi sahu da Flutter a 2018.

Daɗin abin yana wajen harhaɗawa. Saƙo guda da mutum ke gani a allon wayarsa tarin ƙananan tubala ne: zagayayyen hoton mai shafi, sunansa, lokacin da ya wallafa, rubutun kansa, sai jerin maɓallai a ƙasa. Tubalin hoto bai san kowa ba, aikinsa kawai a miƙa masa hoto da girman da ake so, ya nuna. Shi ya sa za a gan shi babba a saman shafi, a kuma gan shi ɗan ƙarami a wajen sharhi. Mai haɗa manhajar da ya cusa komai cikin ƙaton tubali guda kuwa, ran da ya buƙaci hoton kaɗai, sai ya sake rubutu daga farko.

Ga mai karanta Hausa, abin ya wuce kwalliya. Idan tubalin da ke nuna rubutu yana amfani da salon haruffan da babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa, za su iya fitowa a karkace ko su koma ƴan akwatuna a duk shafukan manhajar. Amma gyara ɗaya a cikin tubalin ya wadatar, ko'ina zai daidaita.

Sai dai aron tubalin wasu na da nasa haɗarin. A watan Maris na 2016, wani mai shirya manhaja ya janye ɗan aikinsa mai suna left-pad, layi 11 kacal, daga rumbun npm. Nan take dubban ayyukan da suka dogara da shi suka kasa haɗuwa, har sai da npm ya maido da shi cikin ƴan sa'o'i.