A Ina Ka Samo Wannan Magana?

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi muku bayani a kan wani abu da yawancinmu mu ke ɗauka wahala ce kawai a ke ɗora mana, watau nuna inda muka samo maganar da muka rubuta. Ni ma da haka na ɗauke shi, sai da wata tsohuwa ta koya mini hankali.

Shekarar da na fara fita gwajin koyarwa, an ba ni aji a wata makarantar firamare nan Mubi. Ran nan na koya wa yara tarihin garinsu, na ce musu Mubi ta shiga Nijeriya ran 1 ga Oktoba, 1960, ranar samun mulkin kai. Yara suka rubuta, suka haddace. Kashegari sai ga wani yaro ya zo da kakarsa, tana dogara sanda. Da muka gaisa ta ce, "Malam, kai ne ka gaya wa jikana mun shiga Nijeriya ranar mulkin kai?" Na ce, "Ni ne, Iya." Ta ce, "To, ƙuri'ar da na jefa da hannuna, watanni bayan an gama biki can Ikko, ta mece ce? Kai a ina ka samo taka maganar?" Na rasa ta cewa. A cikin wani tsohon littafin rubutu na gani, wanda na ara wurin wani da ya riga ni, shi kuwa bai rubuta inda ya samo ba.

Da na bincika, sai na tarar tsohuwa ce ke da gaskiya. Ƙasarmu da tana hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba Ingila riƙonta amana. A watan Nuwamba 1959 aka yi ƙuri'a, mutane suka zaɓi a jinkirta shawara. A watan Fabrairu 1961 aka sake, wannan karon har da mata, Nijeriya ta sami ƙuri'a 146,296, Kamaru 97,659. Ran 1 ga Yuni, 1961, muka shiga Nijeriya, aka kira ƙasar Lardin Sardauna, Mubi ce babban garinsa. Ku duba fa, kuskuren malami ba nasa ba ne shi kaɗai. Da ba don tsohuwan nan ba, da kowace shekara na cika aji guda da shi.

Kada wani ya zaci wannan al'ada ta Turawa ce. Malaman Hadisi, irin su Imamu Buhari, ba su karɓar magana sai da isnadi, watau jerin mutanen da suka ji ta, wane daga wane, har zuwa tushe. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusuki, inda ya lissafta malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu. In kuwa kun lura da littattafan Shehu Usmanu, za ku ga in ya ɗauko maganar wani malami ya kan faɗi sunansa da sunan littafinsa, in maganar ta ƙare ya sa "intaha", don mai karatu ya san inda aro ya tsaya. Ko a kasuwar shanu ta garin nan, mai hankali ba ya sayen saniyar da dillali ya kasa faɗin mai ita. Magana ma haka ta ke.

To, yaya a ke yi? In ka ɗauko maganar mutum daidai yadda ya rubuta, sa ta tsakanin alamun zance, kada ka ƙara ko ka rage ko da harafi guda. In ma ka juya ta da bakinka, har yanzu tasa ce, tilas ka ambace shi. Wanda ya ɓoye wannan, ya miƙa aikin wani da sunansa, sata ya yi, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma abin da kowa ya sani, kamar cewa Yola ce babban birnin Jihar Adamawa, ba ya bukatar shaida.

A ƙarshen maganar da ka aro sai ka sa 'yar ƙaramar lamba, bisa kaɗan da layi. Sa'an nan ka ja layi a gindin shafi, ka sake rubuta lambar, ka kawo shaidarka. Wannan shi ne bayanin ƙasan shafi. Abu biyar ya ke ɗauke da su, bi da bi: sunan mawallafi, sunan littafi, garin da aka buga shi da maɗaba'ar, shekara, da lambar shafi. Misali, in daga littafin Sa'ad Abubakar ka samo labarin Modibbo Adama, sai ka rubuta sunansa, sa'an nan The Lamibe of Fombina, Zariya, maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, 1977, sa'an nan shafin. Sunan littafi a kan ja masa layi, ko a karkata haruffansa in da na'ura a ke bugawa, kuma ba a fassara shi, yadda ya ke a bango haka a ke kwafe shi. In ka koma ga littafin nan gaba, sunan mawallafi da guntun sunan littafi da shafi sun isa. Lambar shafi ita 'yan makaranta suka fi mantawa, alhali kuwa wanda ya ce maka "yana cikin littafi" kamar wanda ya ce maka gidansa yana cikin Kano ne.

A ƙarshen aiki duka sai manazarta, watau jerin dukan abin da ka dogara da shi. Nan ba a bin lamba, harafin farko na sunan ƙarshe a ke bi. Saboda haka Abubakar ya riga Barth, Barth ya riga Kirk-Greene, mai littafin Adamawa Past and Present na 1958. Kada ka cusa littafin da ba ka buɗe ba don jerin ya yi tsawo. Malamin da ke duba aikinka tambaya guda zai yi maka, asiri ya tonu.

Akwai wata hanya kuma, wadda sassan koyon aikin malanta suka fi so, ana ce da ita APA. A cikinta ba a sauka gindin shafi, sai a sa sunan mawallafi da shekara da shafi cikin baka a tsakiyar rubutu, cikakken bayani kuwa ya jira a manazarta. Duka biyu daidai ne. Ka tambayi wadda sashenku ya ke bi, ka riƙe ta tun daga farko har ƙarshe, kada ka gauraya.

Wurin da na fi so ku lura shi ne wannan: faɗi abin da idonka ya karanta, ba abin da ka ji an ce akwai ba. Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Mubi a watan Yuni 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. In maganarsa ka gani cikin littafin wani, ba cikin nasa ba, rubuta cewa Barth ya faɗa, kamar yadda wane ya kawo a shafi kaza. Haka kuma littafin da Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya riƙa sa a rubuta masa al'amuransa daga 1912 zuwa 1927. Da Larabci aka rubuta shi, amma abin da ya zo hannunmu fassarar Turanci ce, wadda aka buga a Amurka a 1995. Wanda ya ambace shi, lalle ya nuna fassara ya karanta, gama kowane hannu da magana ta bi yana iya rage ta ko ya ƙara mata gishiri.

Mu mutanen nan, yawancin tarihinmu, na Gude da Fali da Fulani da sauransu, yana bakin tsofaffi ne, bai shiga takarda ba. Su ma a kan ambace su kamar littafi: sunan wanda ya ba ka labari, da shekarunsa, da sana'arsa, da garin da kuka yi hira, da ranar, da harshen da kuka yi ta, bayan ka nemi izninsa. Ka kuma tambaye shi ko ya gani ne ko ya ji, don gani ya kori ji. Takardun gwamnati da ke gidan ajiyar tarihi na Kaduna kowace da lambar fayil ɗinta, sai ka rubuta lambar. Abin da ka samo a intanet kuwa, rubuta mai shi da adireshin da ranar da ka karanta, domin yau yana nan, gobe an sauya shi. In ba a san mai shi ba, ka tuna da saniyan nan.

Shawarata ta ƙarshe, kada ka bari sai ka gama rubutu ka tashi neman shaida. Duk sa'ad da ka buɗe littafi, fara rubuta abubuwan nan biyar a kan takardarka kafin ka kwafi kome. Ni dai tun ranar da na koma aji na ce wa yara su soke 1960 su rubuta 1961, ban sake tsayawa gaban allo da maganar da ban san mai ita ba. Allah ya sa mu riƙe amanar yaran da za a danƙa mana, amin.